Akwatin kaset ɗin mahaifinmu, da abin da ya tayar mana na finafinai da waƙoƙin da

Ɗan Ƙofar Soro:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. A makon jiya ne muka shiga gyaran ɗakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai muka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, wanda muka ɗauka takardu ne a cikinsa. Da muka buɗe sai muka tarar da kaset-kaset na rikoda jere, kowanne da rubutun hannunsa a jiki: na Alhaji Mamman Shata sun fi yawa, sai na Musa Ɗanƙwairo da na Ɗan Maraya Jos. A ƙasansu kuma akwai kaset-kaset na bidiyo waɗanda na san na mahaifiyarmu ne, har da Sangaya da Wasila, da kwalayensu da suka koɗe. Na daɗe a durƙushe ban iya cewa komai ba, domin kowane kwali na ɗaga sai in tuna daren da aka kunna shi da mutanen da ke zaune a tsakar gida, waɗanda da yawansu yau suna makwanci. 'Ya'yana kuwa ba su ma san ta inda ake saka kaset ba. Abin da nake so ku taya ni dubawa shi ne, shin da gaske waɗannan finafinai da waƙoƙi sun fi na yanzu armashi, ko kuwa ƙuruciyarmu ce kawai muke kewa muke jingina musu?

Malam na Rafindaɗi:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Kai daga bidiyo ka fara, mu kuwa daga majigi muka fara. Mota ce take zuwa da yamma ta tsaya a fili, a kafa farin ƙyalle, bayan sallar isha'i gari ya taru, a nuna mana fim na koyar da noma ko tsafta, irin su Baban Larai, mai bayani yana fassara da lasifika. Daga baya ne muka san sinima, wadda ba ta da rufi, kana kallo kana ganin taurari a samanka, idan kuma hadari ya taso kowa ya san kuɗinsa na cikin haɗari.

Finafinan Indiya ne suka mallaki zukatanmu a lokacin, kuma ba mu jin ko kalma ɗaya ta harshensu. Amma duk wanda ya ga Nargis a Mother India, fim ɗin 1957, tana jan garma da kafaɗarta domin ta ciyar da 'ya'yanta alhali mai bin bashi ya tasa ta gaba, ba ya buƙatar tafinta, domin ya san irin wannan uwa a ƙauyensu. Haka Sholay na 1975: samarin unguwarmu sun haddace maganganun Gabbar Singh ba tare da sun san ma'anarsu ba, Dharmendra kuwa har laƙabi Hausawa suka ba shi, Sarkin Ƙarfi. Abin da ya ja mu ba baƙunta ba ce, kamanni ne. Mun ga mata masu rufe kai, da yara masu durƙusa wa iyaye, da auren dole, da rawani da doki da talakan da mai kuɗi ya zalunta, abubuwan da ba mu gani a finafinan Amurka. Saboda haka amsata ga tambayarka ita ce, ba ƙuruciya kaɗai ba ce. An gina labaran a kan kunya da biyayya da haƙuri, kuma ana ba labari lokaci ya nuna kafin a sauke shi.

Hajiya ta Ƙofar Ƙaura:
Malam, ina neman afuwa, amma tarihin da ka bayar tarihin maza ne. Mu 'yan mata na wancan zamani ba mu taɓa taka ƙofar sinima ba, domin yarinyar da aka gani a can ta zubar da mutuncin gidansu, kuma mai neman aurenta zai iya fasawa. Labarin fim ɗin Indiya a bakin yayyenmu maza muke jinsa, su dawo da dare su ba mu shi gutsi-gutsi, waƙoƙin kuma mu tsince su a rediyo. Muryar Lata Mangeshkar na san ta shekaru da dama kafin in ga fuskar ko ɗaya daga cikin matan da take yi wa waƙar a fim, kuma ranar da aka ba da sanarwar rasuwarta a watan Fabrairun 2022 na ji kamar wata tsohuwar maƙwabciya ce ta tafi.

Mu talabijin ce ta fara buɗe mana ido. A layinmu gida ɗaya ne yake da ita, mai hoto baƙi da fari, kuma matar gidan, Allah ya saka mata da alheri, takan shimfiɗa tabarmi ta bar ƙofa a buɗe. A nan muka ga Samanja Mazan Fama, wato marigayi Usman Baba Pategi, da gurɓatacciyar Hausarsa ta bariki wadda ko tsohuwa mai takaba sai ta murmusa, muka ga Kasimu Yero a Karambana, muka ga Karkuzu daga Jos. Amma abin da ya zama namu na kanmu shi ne bidiyo. Da kaset ya shigo ɗaki, matar aure da ke cikin kulle ta samu abin da ba ta taɓa samu ba, wato ta ga mace Bahaushiya irinta, da zani da kallabi da lalle, tana faɗin abin da ke cin ranta game da kishiya da uwar miji da miji mai sakin aure a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shi ya sa ɗana ka tarar da kaset na rikoda na mahaifinka ne, na bidiyo kuma na mahaifiyarka. Wannan rabon ba haɗari ba ne, haka yake a gidaje da yawa.

Malam na Rafindaɗi:
Hajiya, gaskiyarki, kuma na karɓi gyara. Ban taɓa lura da cewa a duk shekarun da na yi ina shiga sinima ban zauna kusa da wata 'yar unguwarmu ba sai yanzu da kika faɗa.

Ɗan Ƙofar Soro:
Inna Hajiya, kin taɓo abin da ya fi damuna. Mahaifiyarmu takan aike ni shagon haya in karɓo kaset, a ba ni kwana ɗaya, idan na makara a ci ni tara. Ranar da aka kawo Sangaya ɗakinta bai ɗauke mu ba, sai da aka fito da talabijin tsakar gida aka jona ta da batirin mota saboda babu wuta. Na tuna yadda matan gidanmu suka tsaya wa Fati Muhammad, wadda ta fito a matsayin 'yar aiki a gidan sarauta, kamar 'yarsu ce ake wulaƙantawa, har wata goggonmu tana yi wa allon talabijin faɗa.

Hajiya ta Ƙofar Ƙaura:
Ai Fati Muhammad ba da baki take wasa ba, da ido take yi. Takan sunkuyar da kai ta yi shiru, kuma a cikin shirun nan ka fahimci duk abin da ke zuciyarta. Marigayiya Hauwa Ali Dodo kuwa akasin haka ce, idan ta shigo fage da masifa sai ka rantse da gaske take, har sunan Biba Problem ya bi ta ya danne sunanta na yanka. Na san matan da suka tsane ta saboda rawar da take takawa, amma da labarin rasuwarta a haɗarin mota ya iso a farkon 2010, su ne suka fi kowa kuka. Haka marigayiya Hauwa Maina, mai kwarjini da natsuwa, wadda idan ta fito a matsayin uwa ko matar sarki ba ka ganin alamar kwaikwayo a tare da ita. Ga Saratu Gidado, Daso, wadda muka rasa a 2024, ita ma ta sha tsinuwar masu kallo saboda ta iya fitowa a muguwar uwar miji. Abin da nake so matasa su sani shi ne, waɗannan mata sun shiga sana'ar ne a lokacin da ake yi wa 'yar fim kallon wadda ta fi ƙarfin iyayenta. Mun ji daɗin aikinsu a cikin ɗakunanmu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka fito fili suka kare mutuncinsu, kuma wannan bashi ne a kanmu.

Kawu na Daura:
Ni fa ban zo in ɓata muku hira ba, amma ina da ƙorafi a kan waɗannan finafinai da kuke yabo, kuma akwatin nan da ɗanmu ya buɗe shi ne shaidata. Ku dubi shekarar 1999. A watan Yuninta ne Allah ya karɓi ran Alhaji Mamman Shata, aka kawo shi nan Daura aka binne shi, a garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. A wannan shekarar ce kuma Sangaya ya fito ya cika kasuwa da kiɗan fiyano. A ganina a shekarar ne aka yi musanya, muka ba da kalangu muka karɓi na'ura.

Ku tuna ko wane ne Shata. Mutumin Musawa ne, ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa, ba ya rubutawa, ba ya bita, makaɗa su ɗauki kalangu, 'yan amshi su kama, shi kuma ya dubi taro ya ƙera waƙa a nan take. Ya yi wa sarakuna da attajirai, ya yi wa direbobi da manoma, ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa, ya yi ta gargaɗi, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Kalangu kuwa magana yake yi, domin makaɗi yana matse tsarkiya a hammatarsa ya ɗaga murya ko ya sauke ta daidai da karin harshen Hausa, wanda ya iya sauraro zai ji kirarin da ake yi ko mawaƙi bai buɗe baki ba. Ɗan Maraya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya ishi taro shi kaɗai. Ɗanƙwairo da kotso idan ya yi wa basarake waƙa sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Wace na'ura ce za ta yi wannan? Fiyano ya zo da karin waƙar Indiya, aka ɗora masa kalmomin Hausa, yaro da yarinya suna zagaya bishiya, sai yaranmu suka tashi suna ganin kalangu kayan ƙauye ne.

'Yar Funtuwa:
Kawu, Allah ya ƙara girma, ina jin zafin da kake ji, domin ni a Funtuwa na tashi, garin da Shata ya zauna, kuma garin Hajiya Barmani Choge. Na ga Barmani da idona a gidan biki, mata sun kifa ƙore a ruwa suna kaɗawa, ita kuma tana gaya wa matan aure su tashi su kama sana'a kada su zauna jiran hannun miji, da irin barkwancin da ba wanda ya isa ya faɗa sai ita. Tun da ta rasu a 2013 ban ga wadda ta maye gurbinta a amada ba. Saboda haka ba na musun cewa an yi rashi.

Inda na saɓa da kai shi ne ɗora wa 'yan fim laifin. Aron karin waƙar Indiya ya girmi fim ɗin Hausa na bidiyo, wanda bai fara ba sai a 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano. Tun kafin nan Abdu Yaron Goge yana ɗaukar karin waƙoƙin Indiya yana zuba su a gogensa, kuma masu bege ma sun yi amfani da irin wannan kari wajen yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kunnen Bahaushe ya riga ya saba da sautin tun zamanin sinimar da Baba Malam ya ba mu labari. Matasan da suka fara fim ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa goma zuwa ɗakin naɗar sauti, amma mutum ɗaya da fiyano zai iya haɗa musu kiɗa a yini guda. Sannan ina roƙonka ka sake sauraron muryoyin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim ba tare da fushi ba. Hausarsu tsabtatacciya ce, akwai karin magana da habaici da kunya a cikin baitocinsu, kuma mu da muka yi 'yanmatanci a lokacin, da waɗannan waƙoƙi aka yi mana kamu aka kai mu ɗakunanmu. Ba zan iya jin su a matsayin kayan aro ba.

Kawu na Daura:
'Yata, kin yi magana mai ma'ana, kuma batun Abdu Yaron Goge gaskiya ne, na sha jin sa a rediyo. Amma shi da goge ya yi aronsa, ya jawo baƙon ya shigar da shi gida ya sa masa riga. Na baya kuwa gidan suka rushe suka koma ɗakin baƙon. Ban ce muryoyinsu ba su da daɗi ba. Abin da nake tambaya shi ne, yau a Daura ko Katsina yaro nawa ne yake koyon ɗaure kalangu a wurin mahaifinsa?

Malam na Rafindaɗi:
Ku bar ni in shiga tsakaninku, domin ina ganin kowannenku ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Kafin bidiyo an yi yunƙurin gina fim ɗin Hausa a kan adabinmu, kuma mu Katsinawa muna da hannu a ciki fiye da yadda muke tunawa. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ne ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar 1933, kuma littafinsa Magana Jari Ce shi ne aka mayar wasan talabijin wanda Kasimu Yero ya fito a ciki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, shi ya rubuta Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Ga kuma namu Umaru Ɗanjuma Katsina, Kasagi, marubucin Kulɓa Na Ɓarna. Waɗannan ayyuka sun bi hanyar da Kawu yake so, amma irin wancan fim na sinima yana cin kuɗi mai yawa, sai gwamnati ko wata babbar hukuma ta ɗauki nauyi, kuma ba a iya kai shi ɗakin Hajiya. Bidiyo ya yi arha, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano suka rarraba shi har Maraɗi da Damagaram, kuma kasuwa takan bi abin da mai saye yake so. Da an samu masu zuba jari a wancan layi na farko, da wataƙila yau muna da finafinan da kalangu da fiyano suke zaune lafiya a cikinsu.

Wani abin da ya kamata a yaba shi ne, a cikin shekarar nan ta 1999 da Kawu ya ambata ne Ibrahim Sheme, ɗan jiharmu, ya fara buga mujallar Fim, kuma shi ne daga baya ya jagoranci rubuta tarihin Shata. Mutum ɗaya ya ga darajar ɓangarorin biyu, bai ce sai an zaɓi ɗaya an yar da ɗaya ba.

Mai Gyaran Rediyo na Sabuwar Unguwa:
Ina gaida iyayena. Ni ban iya dogon bayani a kan fasaha ba, amma shekara da shekaru ina gyaran rikoda da bidiyo, kuma abin da ya tsaya mini a rai tun da na karanta saƙon farko shi ne halin da kaset ɗin suke ciki. Yaya na Ƙofar Soro, don Allah kada ka saka ko ɗaya a cikin na'ura tukuna. Zaren kaset yana da wani shafi na maganaɗisu wanda sauti da hoto suke kwance a kansa, kuma zafi da laima suna sa shi ya manne da juna ko ya yi fumfuna. Idan ka duba ta tagar kaset ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, to fumfuna ce, kuma idan aka kunna shi a haka zai ɓata kan bidiyon, ya kuma kankare hoton har abada. A fito da su daga akwatin ƙarfen, a jera su a tsaye a wuri mai sanyi da iska, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Na rikoda kuma a fara juya su a hankali da biro a ga ko zaren yana tafiya.

Ina da bidiyo guda biyu masu aiki da rikoda ɗaya, da 'yar na'urar da ke ɗaukar hoto daga bidiyo ta zuba shi a kwamfuta. Aikin yana cin lokaci, domin kaset na awa biyu sai ya yi awa biyu cur yana juyawa, babu hanyar gaggauta shi. Waɗanda na fi so mu fara da su ba finafinan da suka yi suna ba ne, tunda irin su Sangaya da Wasila ana samunsu a YouTube. Kaset ɗin da mahaifinku ya naɗa da kansa daga rediyo, ko a wurin wani biki da aka gayyato makaɗi, su ne mai yiwuwa babu kwafinsu a ko'ina a duniya, domin Shata da takwarorinsa sun yi waƙoƙi da yawa a gaban taro waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin naɗar sauti ba.

Ɗan Ƙofar Soro:
Malam mai gyara, Allah ya saka da alheri, ka zo a kan gaɓa, domin da yammar nan na yi niyyar aro rikoda in gwada su. Na koma na duba yanzu, kuma akwai guda bakwai da ba su da kwalin kamfani, sai rubutun mahaifinmu kawai. A jikin ɗaya ya rubuta sunan Shata da kalmar biki, a jikin wani kuma ya rubuta Zaɓi Sonka, wanda nake zaton daga Rediyon Kaduna ya naɗa. Biyu daga cikin na bidiyon suna da farin garin da ka kwatanta, na ware su gefe.

Hajiya ta Ƙofar Ƙaura:
Ɗana, idan an zo kan na bidiyon ina da guda goma sha ɗaya a cikin adakata, har da na bikin ƙanwata inda masu kiɗan ƙwarya suka kwana suna yi. Zan aiko jikana da su. Sharaɗina ɗaya ne, na bikin kada a saka shi a intanet, domin akwai matan mutane a ciki ba lulluɓi, a ba ni kwafina kawai in nuna wa 'ya'yanta.

Kawu na Daura:
Wanda aka rubuta biki a jikinsa, ina roƙon a kira ni ranar da za a kunna shi. Idan na ji muryar sanƙira da sunayen da ake kira, mai yiwuwa in gane gidan da aka yi shi da shekarar. Ranar Asabar ina da shigowa Katsina, zan taho da nawa guda huɗu na Ɗanƙwairo, sai mai gyara ya faɗa mini ƙarfe nawa yake buɗe shago.

Mai Gyaran Rediyo na Sabuwar Unguwa:
Ƙarfe tara na safe nake buɗewa, Kawu, amma ku bari sai bayan azahar, lokacin na gama share kan bidiyon na kuma tayar da janareta. Hajiya, sharaɗinki ya karɓu, a gaban jikanki za a yi aikin, kuma da shi za a mayar miki da kaset ɗin da kwafin.